Ranar da Na Ari Bakin Zazzagawa

Tun kafin mu yi nisa bari in faɗa muku, a wannan kashin na yi ɓarna, kuma da ƙafata na je na yi ta, cikin shadda mai guga. Masu turo min saƙo suna cewa, "Baba Maitama ka kwantar da hankalinka, ka bar yara su yi soyayyarsu," na gode. Sai dai shawararku ta iso bayan na riga na hau mota.

Ga waɗanda yau suka fara bin labarin, ni ne Maitama, manomin masara da waken suya a Ƙarfi. Bokona bai wuce aji biyu na sakandare ba, in kun ga rubutu ya karkace ku yi haƙuri. Yarinyar da ake magana a kanta 'yata ce ta fari. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a zama hira da shi, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Ana yaye ta aka kai ta Malumfashi gidan yayana Alhaji Sada. Shi ya riƙe ta, shi ya sa ta makaranta har kwaleji, shi ne kuma zai ba da aurenta. Ƙannenta, su Talha, suna ce mata Anti. Uwarta Zakiyya tana cewa Antin yara. Ni kuwa a wayata na ajiye lambarta da "Ta gidan Yaya", ban kuma taɓa danna ta ba.

Manemin sunansa Ubaidullahi, ɗan Danja. Yana koyarwa a kwalejin da ta yi, yana kuma ƙaro karatu a wani fanni wai shi kimiyyar harshe. Ranar Juma'ar nan manyansa za su zo gidan Yaya gaisuwar neman aure. Da Yaya ya kira ni ya sanar da ni, bai tsaya nan ba.

"Maitama, na yi bincike, na gamsu. Amma na san halinka. In na ji ka sa hannu a maganar nan, ko da ɗan yatsa ne, zan aika Danja in ce su dakata, in tattara ɗiyarka in miƙo maka. Sai ka aurar da kanka, mu ga wanda zai zo."

"Ban ce a'a ba fa, Yaya," na ce.

"Ka ce to kawai."

Na ce to. Kuma Allah ya sani da niyyar cikawa na faɗa.

Wanda ya lalata min niyya shi ne Mannir direba, mai bas ɗin da ke jigila tsakanin nan da kasuwannin kudu. Mannir mutumin kirki ne, amma in ya ga abu da safe, kafin azahar an ji shi a tasha uku. Na same shi wurin mai shayi, ya matso min da benci.

"Malam Maitama, yaron nan da aka ce zai auri ta gidan Alhaji Sada, aikin me yake yi ne?"

"Malami ne."

"To ni dai a kasuwar Danja nake ganinsa. Yana bin tsofaffi da wani ɗan ƙarfe, yana ɗaukar muryarsu. Wa kake, daga ina, ina ka tashi, ina gonarka. Ni ban ce komai ba."

Jama'a, ku da kuke zaune a birni ba za ku gane ba. A yankinmu, a zamanin nan, mutum ya riƙa bin kasuwa yana tambayar wa kake, ina gonarka, yana ɗauka a na'ura? Shayin nan ban ƙarasa shi ba.

Ranar kasuwar Danja da safe na ji Zakiyya a tsakar gida tana karanta saƙon waya da ƙarfi, yadda ta saba in tana so in ji ba tare da ta ce da ni take ba.

"Umma ina kwana. Ubaidu yana kasuwa yau, ya ce aikin Danja ya kusa ƙarewa. Gwaggo ta sa an wanke labulen falo saboda Juma'a. A gaida Baba."

Kullum haka ta gidan Yaya take rufe saƙonta. A gaida Baba. Ni kuma kullum sai in ce wa bango, "Ina amsawa."

Na shiga ɗaki na ciro shaddata ruwan toka, wadda aka yi wa aikin hannu a wuya, da hular zanna da Yaya ya ba ni da Sallah, da wani baƙin tabarau da na saya lokacin ciwon ido. Na fesa turare, na rataya jakata. Ina fitowa Zakiyya ta ɗago daga tsintar wake.

"Baban Talha, ina zuwa haka?"

"Ta'aziyya."

"Wa ya mutu da za a je masa da ƙamshi haka?"

"Ba ki san shi ba."

"Allah ya jiƙansa. A Danja ya rasu?"

Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Matar nan tun muna amarci ban taɓa yi mata ƙarya ta kai ƙofar gida ba.

"Kallo kawai zan yi daga nesa," na ce.

"Kai da ko wa'azi ba ka iya saurara ba ka sa baki ba? In Yaya ya ji, ni ba na nan."

"Ban ce a'a ba fa. Nuna min hotonsa."

Ta yi tsaki, amma ta nuna. Siriri ne, mai ɗan saje, da farin tabarau. Fuskar dai ba ta masu laifi ba ce, amma ai ba a rubutawa a goshi.

A mota na tsara dabarata. Bai taɓa ganina ba, tunda zance a gidan Yaya yake zuwa. Zan zama Alhaji Sanda, dillalin masara daga Zariya. Na yi mu'amala da Zazzagawa wurin sayar da amfani, na san bakinsu. Inda mu za mu ce motar nan, su motan nan suke cewa. Na riƙa maimaitawa a ƙasa-ƙasa, motan nan, rigan nan, gonan nan, har matar da ke kusa da ni ta ja ɗanta ta mayar ɗaya cinyar.

Ban sha wahalar samunsa ba. Yana wata rumfa bayan layin 'yan masara, sanye da farin yadi marar aiki, takalminsa ya sha ƙasa. Wani tsoho yana kan benci, shi kuma yana kan buhu, ƙasa da tsohon. Wannan na lura da shi, na ajiye. A hannunsa ga ɗan ƙarfen, bai kai waya girma ba, an sa masa wata hular soso a ka. Na tsaya ina damƙar masara ina gwada ƙwaya da haƙori, kunnena na can.

Da tsohon ya tashi, sai yaron ya waigo ya gan ni.

"Sannu da zuwa, Baba. An zo lafiya?"

Daga nesa na ce zan yi kallo. Kafin in tuna da haka, ina kan benci.

"Lafiya lau. Ni baƙo ne, daga Zariya. Alhaji Sanda. Na ga kana ta ɗaukan maganan mutane. Hukuma ne ta aiko ka?"

Ya yi murmushi, ya ciro katin makarantarsa ya miƙo min da hannu biyu. Ya ce shi ɗalibi ne, kuma ba ya ɗaukar kowa sai da izini, sarkin kasuwa ma ya san da shi.

"Ba abin da mutum ya mallaka nake nema ba, Baba. Yadda yake magana nake nema. Ka ga Hausa ɗaya ce, amma na Katsina da na Zariya in sun buɗe baki ka san ba gari ɗaya ba ne. Wannan bambancin shi muke ce wa karin harshe. Nan Danja kuwa nan ne Katsinanci da Zazzaganci suke gaisawa. Ina so in gane daidai inda ɗaya ke ƙarewa, ɗaya ya fara."

"To ina ruwanka da inda gonan mutum take?"

"Inda mutum ya tashi nake tambaya, don can ya samo harshen uwa, wanda ya buɗi baki da shi. Gona kuma su suke kawo ta da kansu. Ba a yin hira da manomi a tashi ba a je gona ba."

Wannan gaskiya ce, ban iya musu ba. Sai na sako tambayar da ta fi damuna.

"Yaro, tsakani da Allah, wannan karatun ana ci da shi? Ko mace za ta zauna ana ba ta karin harshe safe da rana?"

Ya yi dariya har ya dafe ƙirji. Ya ce albashin koyarwa ne ke riƙe da shi, kuma yana da 'yar gonar tumatir ta rani da suke yi da yayansa. Ya ce masu wannan ilimi su ke tsara littattafan koyon karatu na yara, su ke haɗa ƙamus, har wayoyin nan da ake so su riƙa jin Hausa sai an nemi irinsu. Ni dai gonar tumatir ɗin na riƙe.

Ya tambaya ko zan yarda ya ɗauke ni, tunda bai samu Bazazzagi na cikin birni ba tun safe. Nan ya kamata in ce ina sauri. Amma ku gaya min, wane dillali ne za a ce ana son jin bakinsa ya ƙi?

Ya danna, wata 'yar jar fitila ta kama. Ya fara nuna min abubuwa yana tambayar sunansu, ni kuma ina ta zuba masa Zariya. Yana yi yana min bayani, kamar wanda yake jin daɗin samun mai saurare. Ya ce su magana hawa-hawa suke duba ta. Akwai masu duba sauti, yadda leɓe da harshe da maƙogwaro suke fitar da shi, wannan shi ne furuci. Akwai masu duba yadda ake gina kalma, yadda daga noma aka samu manomi da manoma. Akwai masu duba yadda kalmomi ke jeruwa su zama jimla. Akwai masu bin ma'ana. Ya ce mota daga Turanci muka samo ta, littafi daga Larabci, irin waɗannan su ne kalmomin aro.

"Kamar gini ke nan," na ce. "Ƙasa, tubali, bango, sannan mai shiga ɗakin."

"Baba, da za ka ba ni izini da na kai wannan aji."

Kaina ya ɗan kumbura, ba zan ɓoye ba. Sai na yi masa tarko, don in ji ko mai raina mutane ne.

"To a cikinmu wa ya fi iya Hausa? Ai mutanen ƙauyukan nan, irin su Ƙarfi, bakinsu sai a hankali."

"A wurinmu babu karin da ya fi wani," ya ce. "Akwai daidaitacciyar Hausa, ta littafi da rediyo, an tsayar da ita ne don a samu wurin haɗuwa. Amma tsohuwar da ke Ƙarfi ba kuskure take yi ba. Hausarta cikakkiya ce, da dokokinta, ko ba ta taɓa riƙe alli ba."

Na ji daɗin wannan har na kusa cewa na gode.

Daga nan ya gyara zama. Ya ce zai gaya min wata dabararsu, don ba ya son yi wa babba wayo.

"Duk wanda ya san ana ɗaukarsa, sai ya sa wa maganarsa rigar fita. Mu kuwa ta zaman gida muke so. Shi ya sa muke roƙon mutum ya ba mu labarin ranar da ya fi jin tsoro a rayuwarsa. In ya shiga labarin, mantawa yake da na'ura."

A raina na ce, yaro, ka gaya min tarkonka sannan in faɗa? Na yi niyyar ƙirƙiro labarin motar masara da ta kife a hanyar Giwa. Na buɗe baki da wannan niyya. Abin da ya fito daban.

Na ce masa ina da 'ya ta fari, a hannun ɗan'uwana take. Wata shekara aka kawo ta hutun damina, tana 'yar ƙarama, haƙoranta na gaba sun fita. Masara ta yi goyo, ta fi mutum tsawo. Ta biyo masu kawo abinci gona. Muna cin abinci a gindin mangwaro, mahaifinmu yana nan da ransa, yayana ma yana nan, sai aka duba ba ta. Mata suka bazu suna kira, Anti, Anti. Shiru. Ga hadari ya haɗo ta gabas, ga rafi a ƙasan gonar ya cika.

Ni uba ne na 'yar fari, ba ni da ikon tashi a gigice a gaban mahaifina. Na wanke hannu a hankali. Na ce bari in duba wani kwari da ruwa ke kwanciya. Na taka kamar mai zagayen gona, har masara ta rufe ni. Tana rufe ni na zura da gudu. Ganye yana yanka min fuska, takalmi ɗaya ya maƙale a laka na bar shi. Kuma na kira ta. Ba Anti ba. Sunanta na yanka, wanda tun ranar suna ban sake bari ya bi ta bakina ba. Na kira, na kira, har muryata ta dushe.

A can ƙarshen gona na same ta, gindin ɗorawa. Ta karyo masara ɗaya ta ɗora a cinya tana yi wa gashinta kitso. Ko kuka ba ta yi. Na ɗauke ta na saɓa a kafaɗa, na taho da ita ta cikin masara, tana riƙe da kunnena. Da muka kusa fita na sauke ta, na nuna mata hanya, na ce ta miƙe. Ni kuma na zagaya na ɓullo ta wani gefen, na tarar ana ta murna, na ce, "A'a, an gan ta?"

Nan na tsaya. Sai na ga tabarau ɗina yana hannuna, ban san lokacin da na cire ba. Mai masarar da ke gefe ya bar awo yana kallona. Wata mai fura ta tsaya da ƙwarya a ka. Ashe ba a hankali nake ba da labarin ba. Jar fitilar nan kuma tana nan a kunne.

Yaron ya sauka daga kan buhun. Yana durƙushe a ƙasa, kansa a sunkuye.

Ya kashe na'urar. Sannan ya ce, "Baba, Zazzagancinka yana da daɗi. Sai dai a bakin gona ya tsaya, bai shiga masarar ba. Tun da ka fara gudu ɗiyata kake cewa, hadari shina tahowa. Wannan bakin wajen Malumfashi ne."

"Ban ce a'a ba fa," na ce. "Na ɗan yi zama can."

Ya ɗago ya dube ni, ya sake sunkuyar da kai. Na ga yana danne murmushi.

"Akwai wani abu kuma da muke karantawa. Bayan karin gari, kowane mutum yana da nasa shi kaɗai, 'yan kalmomin da ya saba, da inda yake jan murya. Wannan 'ban ce a'a ba fa' da ka faɗa yanzu, mutum ɗaya na sani mai faɗinta haka, da jan ƙarshen. In za ta ƙi abu, da ita take farawa. Na nema a bakin mutanen gidan da ta tashi, ban samu ba."

Na gyara zaman hulata. Na tambaye shi, kamar dai Alhaji Sanda ne ke son ƙaruwa, yaya yaro zai ɗauki maganar wanda ba ya yi masa magana.

"Yaro ba daga mai yi masa magana kaɗai yake ɗauka ba, Baba. Daga wanda yake saurara yake ɗauka."

Na mayar da tabarau ɗina. Rana ce ta dame ni, kada wani ya rubuto min wata magana.

Sai ya ce akwai abin da ya wajaba ya sanar da ni. Duk abin da ya ɗauka, wata ce take saurara ta mayar da shi rubutu, don kunnenta ya fi nasa. A Malumfashi take. Da yamma yake tura mata aikin ranar.

"Muryarka ce, Baba, haƙƙinka ne. In ka ce a goge, yanzu zan goge a gabanka, ba wanda zai ji."

Ya miƙo min na'urar a tafin hannu. Ga hanyar tsira an shimfiɗa min. Kalma ɗaya zan faɗa, in koma gida in ninke shaddata, Juma'a ta zo lafiya. Na dubi abin nan mai hular soso. Na tuna yarinyar nan ta girma, ta yi karatu, ga ta za ta tafi gidan wani, kuma duk abin da ta taɓa samu daga wurina shi ne "ina amsawa", shi ma ta bakin uwarta.

"Bar shi," na ce.

"A bar shi?"

"Ka ji ni ai."

Ya ɗauki jakata ya ce zai raka ni tasha. A hanya ya tsaya ya sayi rake, ya ce a kai wa mutanen gida a Zariya. Muka iso tasha. Ga layin motocin Zariya, kwandasta yana ta kira. Yaron nan ko waiwayawa bai yi ba. Ya wuce da ni kai tsaye layin Malumfashi, ya buɗe min gidan gaba, ya sa raken a ƙarƙashin kujera. Bai ba ni hannu ba. Ya cire takalmi, ya durƙusa a ƙasar tasha, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Ina cikin jin daɗin wannan ladabi, direba ya shigo ya rufe ƙofa.

"A'a, Malam Maitama. Kai ne cikin tabarau? Na ce wannan hular na san ta." Ya leƙa ta taga ya dubi yaron, ya dube ni. "Ikon Allah. Har an fara gaisawa ke nan."

Mannir ne.

Tun daga Danja har gida nake roƙonsa. Na ba shi rake biyu. Ya rantse min ba zai gaya wa kowa ba, kuma yana rantsuwar yana ba kwandastansa labari. Shagon Yaya kuwa a bakin tashar Malumfashi yake, nan Mannir yake cajin waya.

Zakiyya tana ganina da rake ta ce, "An yi ta'aziyya lafiya? Har da guzuri mamacin ya bayar?"

Na zauna a kan turmi na gaya mata komai. Ta yi dariya wurin motan nan da rigan nan har ta share hawaye. Da na zo kan labarin gona ta daina. Ita ma ba ta taɓa ji ba.

"To yaron fa?" ta ce. "Ɗan leƙen asirin ne?"

"Yana da gonar tumatir."

"Shi ke nan binciken?"

"Kuma ƙasa da tsoho yake zama."

Ta juya tana kakkaɓe tabarma. Can ta ce, ba ta dube ni ba, "Da kake ba shi labarin, ka faɗi sunan?"

Wallahi ban sani ba. Na yi ta juya abin a kaina. Na tuna ganye, na tuna takalmi, na tuna mai fura tana kallona. Ko na ce "na kira ta" ne kawai, ko kiran na sake yi a tsakiyar kasuwar Danja, ban iya tunawa ba.

Washegari da hantsi ina shanya masara a kan tamfol, wayata ta yi ƙara a aljihu. Na ciro. A karon farko tun da na sayi waya, "Ta gidan Yaya" ne a kan gilashin. Na shiga inuwa, na goge hannu a riga, na buɗe.

"Baba ina kwana. Na gama rubuta na Alhaji Sanda. A gaya masa a ranar nan tun kiran farko na ji shi. Shiru na yi don ya ƙara kira."

Na karanta. Na sake karantawa. Kaji suka hau masarar suna ci, ina kallonsu ban kore su ba.

Na danna wurin amsa. Na rubuta "ina amsawa", na goge. Na rubuta "Anti", na goge. Sannan da ɗan yatsan nan nawa mai kaushi, harafi bayan harafi, na rubuta Raudatu. Na tsaya ina kallonsa. Ashe gajere ne.

Kafin in yanke shawarar turawa, kira ya shigo ya rufe rubutun. Yaya.

"Maitama, kana gida?"

"Ina gida, Yaya."

"Gobe ka shigo Malumfashi, ina nemanka. Ka sa hular nan da na ba ka da Sallah."

"Lafiya dai?"

"In ka zo ka ji."

Ya kashe. Muryarsa ba ta nuna fushi ba, ba ta nuna wasa ba. Da Ubaidullahi ne ya ji ta, wataƙila da ya gane wani abu a inda ya ja da inda ya sauke. Ni aji biyu na yi.

Ga inda nake yanzu. Hular tana rataye a ƙusa, Zakiyya ta ƙi goge min shadda, sunan kuma yana nan a wayata ban tura ba. Ban sani ba ko Mannir ya riga ya je cajin waya. Ban sani ba ko Yaya ya aika Danja ya ce su dakata, ko mutanen za su zo ranar Juma'a.